Masu Zaman Bashi a Zaurenmu

Aliero,
8 ga Yuni, 1993.

Zuwa ga Yaya Murjanatu,

Assalamu alaikum. Zan gaya miki wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba, sannan in gaishe ki, don in na fara da gaisuwa kunya za ta kama ni in yage takardar.

Ranar da ya fara zuwa gidanmu, na zaci wurina ya zo. Ina wanke-wanke aka yi sallama. Na leƙa ta tsagar ƙofa, na ga saurayi dogo da farar shadda ya tuɓe takalmi ya zauna a zaure, kansa a sunkuye. Akwai littattafan soyayya da nake karɓowa haya daga Jega, kuma a cikinsu haka ake zuwa. Na shiga ɗaki na sa kwalli, na canza ɗankwali, na zauna bakin gado ina jiran a ce ana sallama da Iklima. Har na shirya yadda zan yi: ba zan ce komi ba, zan yi ta wasa da bakin gyale. Ina nan zaune har la'asar. Sai Baba ya shigo ya ce wa Inna a ƙara tuwo, yaran Alhaji Lawali sun zo karɓar bashi. Na shiga makewayi na wanke fuskata.

To na faɗa. Yanzu ina gaishe ki. Ina fatan kina lafiya, da mai gidanki, da aiki. Mu ma jiki lafiya lau, sai dai abin da zan gaya miki. Na san ba mu saba ba, sau ɗaya na taɓa ganinki a wani suna a Sarandosa ina ƙarama. Amma Inna ta ce kakata da kakarki uwa ɗaya ta haife su, kuma duk danginmu ke kaɗai kika yi karatun shari'a, har aka dawo da ke daga Sakkwato aka ba ki aiki a kotun Maiyama da aka ba mu jiha.

Ga yadda abin yake. Bara da za a yi dashe, Baba ya ci falle wurin Alhaji Lawali, dillalin albasa na Jega. Wato ya karɓi kuɗin taki da man inji, a kan zai biya da buhu talatin in an cire albasa. Allah ya ba da albasa. Amma lokacin ta faɗi warwas a kasuwa, sai Alhaji da kansa ya zo har garka, lambunmu na fadama, ya ce kada a kai masa yanzu, a zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, a rufe da ciyawa sai ta yi tsada da damina, kowa ya amfana. Baba ya yarda. Sai ga ruwa ya sauka da wuri a kan zafin nan. Yaya, kin taɓa jin warin rudun da ya ruɓe? Har a cikin fura muke jin sa. Muka tsince abin da ya tsira, buhu takwas, Alhaji ya aiko aka kwashe. Sauran kuwa ya ce kuɗi yake so, kuma a farashin damina, ninki uku.

Tun daga nan mutum biyu ke zuwa. Akwai Sabo, babba ne, mai jan haƙora da babbar murya. Sai wancan ɗin, Waliyyu. Da an sallame asuba suna zaure, ba su tashi sai dare. Ba su zagi, ba su duka. Zama kawai. Duk wanda ya wuce ya ce lafiya, sai Sabo ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji: "Lahiya lau! Bashi munka zaka amsa!"

Abin da ya fi ci mini rai, Baba ciyar da su yake yi. Koko da safe, fura da rana, tuwo da dare. Inna ta ce, "Malam, waɗanga ba baƙi ba ne." Ya ce, "Wanda duk ya tuɓe takalmi ga zaurena baƙona ne. Ba a cin tuwo cikin gidan ga mutum na waje da yunwa." Shekaranjiya Sabo ya suɗe kwano, ya ce miyar ta so gishiri, sannan ya gaya wa Baba cewa ladan zamansu na kowace rana Alhaji yana ɗorawa a kan bashin. Kin ga muna ciyar da su, muna kuma biyan su kuɗin ci. Ya ce in abin ya yi wa Baba nauyi, Alhaji mutum ne mai sauƙi, zai karɓi garkar da muke nomawa a fadama jingina, shi ke nan su tashi.

In garkar nan ta tafi ba mu da komi. Gonar tudu ba ta kai mu rabin shekara.

Yaya, shin shari'a ta yarda da wannan? Ba wanda ya san na rubuto. Kande mai daddawa za ta ba 'yan Maiyama takardar nan ran kasuwar Jega, amsa ma ta hannunta za ta fi saurin isowa. Don Allah kada ki gaya wa kowa maganar farko.

Taki ƙanwa,
Iklima Haliru.

Maiyama,
24 ga Yuni, 1993.

Ƙanwata Iklima,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai dai kwana biyun nan jikin nawa sai a hankali, don haka ba zan tsawaita ba. Ki gaida Inna Aliya da Baba Haliru, ki yi musu jaje. Ashe kin girma har kina rubutu mai kyau haka.

Da farko dai, bashi hakki ne, kuma sai an biya. Babu alƙalin da zai ce Baba ya ci kuɗin mutum ya tafi abinsa.

Amma fa yadda ake karɓar bashi ma yana da ƙa'ida, kuma Alhaji Lawali ya tsallake ta. Mai bin bashi ba alƙali ba ne. Ba shi da ikon zaunar da mutane a gidan wani ba da yardarsa ba, balle ya ce a biya su. Wannan ladan zaman ko sisinsa ba ya kan Baba. Ba shi da ikon ɗaukar ko tsintsiya daga gidanku sai da umurnin kotu. In kuma ya zo da barazanar zai sa a kulle Baba, ku sani rashin iya biyan bashi ba sata ba ne, ba a ɗaure mutum a kai haka kawai. Sannan tunda shi ya ce a zuba albasar a rudu, maganar ninki uku abu ne da alƙali zai duba sosai. Akwai wanda ya ji lokacin da ya faɗa? A tuna sunayensu. Wanda asara ta same shi, shari'a kan sa a saurara masa, ko a yanka masa ya riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Abin yi shi ne Baba ya riga shi zuwa gaban alƙali a Jega. Ya ce: ana bi na, ban musa ba, a ƙayyade mini gaskiyar abin da ke kaina, a kuma ɗauke mini mutanen nan daga zaure. Kuɗin shigar da ƙara ba shi da yawa, ni zan biya. Kafin nan kada ya dangwala hannu a kowace takarda, kada kuma ya yi alkawari gaban shaidu.

Wata tambaya. Garkar nan, ba ita ce wadda Inna Aliya ta gada wurin mahaifinta ba? Ina jin na taɓa jin haka wurin tsofaffi. Ki tambayar mini. In tata ce, dukiyar mace ba ta biyan bashin miji sai da son ranta.

Ki karanta wa Baba takardar nan, kuma ki karanta har ƙarshe.

Yayarki,
Murjanatu.

Aliero,
15 ga Yuli, 1993.

Yaya Murjanatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin ji sauƙi. In zazzaɓi ne, Allah ya sa kaffara, mu ma nan yana ta kama mutane. Inna na fama da ciwon kai, amma tana tashi.

Na karanta masa, Yaya, amma ban kai ƙarshe ba. Na same shi bayan la'asar yana gyaran kalmensa na noma a tsakar gida. Na durƙusa na ce ga saƙo daga Maiyama. Bai yi faɗa ba. Da na zo inda kika ce bashi hakki ne sai an biya, sai ya ɗaga hannu.

"To, alhamdu lillahi. Ga mai shari'a ma ta ce a biya. Naɗe takardarki."

Na ce, "Baba, akwai saura."

Ya ce, "Saura na lauyoyi ne."

Na daure na faɗi sauran da ka, ina kuka, duk na cakuɗa shi. Ya bari har na gama. Sannan ya ce, "Iklima, zo in tambaye ki. In na kai Alhaji ƙara na ci nasara, baɗi wa zai ba ni falle? Dillalan Jega ga tabarma guda suke cin abinci. Alƙali zai ba ni taki? Zai saye min albasa? Kuma mutumin da ya miƙo min hannu sa'ad da nike nema, shi zan ja gaban alƙali? Ubana har ya mutu ba a kira sunanai kotu ba."

Ke kina da amsar wannan? Da kin sa wancan layin na bashi hakki ne a ƙarshe, Yaya. Ba laifinki nake gani ba, amma da kin sa shi a ƙarshe.

Sun ɗauki injin ban-ruwa. Sabo ya ce Alhaji ya ce a kawo masa ajiya. Na tsaya bayan ƙofa ina ta maimaita maganarki a zuci, cewa ko tsintsiya ba su da iko, amma bakina ya ƙi buɗewa. A littattafaina yarinya takan fito ta yi magana kowa ya yi tsit. Ni kuwa ta tsagar ƙofa nake leƙe. Waliyyu ne ya shigo har cikin gida ya ciccibo shi, ko sallama bai yi wa Inna ba. Kuma kin san me? Baba ne ya kama masa. Ya ce, "Riƙe ta nan, yaro, kada man ya zube." Da hannunsa ya ɗaure musu shi a bayan babur, ya ja igiyar ya ga ta yi ƙarfi.

Ba su tsaya nan ba. Ran kasuwa Baba ya je Jega ko zai ga Alhaji ya roƙe shi. Bai gan shi ba. Sai wani maroƙi ya biyo shi tun daga 'yan albasa har tasha, yana ɗaga murya: "Ku ba shi hanya, ga mai rudun wari! Ga Haliru ci-ka-share-baki!" Mutane na dariya, waɗansu har suna ba maroƙin kuɗi. Kande ce ta gaya wa Inna, shi bai ce komi ba. Ya dawo ya sa aka kai wa baƙinsa fura, ya shiga ɗaki. Tun ranar ya daina Juma'a a garin nan. Keke yake hawa har Jandutsi, inda ba su san fuskarsa sosai ba.

Na tambayi Inna maganar garka. Tata ce. Ta ce da aka raba gadon kakana, Kawu Ayuba na Sarandosa ya ɗauki shanu, ita aka ba ta garka, kuma liman da mai unguwa suna wurin. Na ce to ai shi ke nan, Yaya Murjanatu ta ce ba a taɓa ta. Ta dube ni ta ce, "Ke yarinya ce. Shekara ashirin shina noman ta shina ciyar da mu, yau in tashi in ce tawa ce?"

Me za mu yi? Ki amsa mini da wuri.

Iklima.

Aliero,
22 ga Agusta, 1993.

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna nan da rai.

Duk ran kasuwa ina tsayawa bakin ƙofa in jira Kande. Tun daga nesa take girgiza mini kai. Yanzu har ta daina girgizawa, wucewa kawai take yi.

Na yi ta tunanin abin da na yi miki. Ko don na ce da kin sa layin a ƙarshe? Ki yafe mini, ba ni da kunya ne. Ko kuwa tun maganar farko ce? Na lura ko kalma ɗaya ba ki ce a kanta ba. Wataƙila kin ce wace irin shashasha ce wannan, ana cin mutuncin ubanta tana sa kwalli. In haka kika ce, gaskiya kika faɗa. Amma kada ki hukunta su Inna saboda ni.

Sun kora awakin Inna guda biyu. Sabo ya ce ladan zamansu ne na watan jiya. Rumbu ya kai ƙasa, gero na awo muke ci, kuma kwanon zaure ake fara cikawa. An koma makaranta, ni ban koma ba. Ba wanda ya ce kada in je, ni ce dai ban tambaya ba, su ma ba su tambaye ni ba.

Na mayar da littattafan haya. Na buɗe ɗaya na ga ana ta kuka a kan wasiƙar da ba a amsa ba, sai na ji ba zan iya ba.

In ba za ki sake rubutowa ba, ki aiko Kande da baki ta ce mini in daina jira.

Iklima.

Maiyama,
26 ga Satumba, 1993.

Iklima ƙanwata,

Innalillahi. Sai shekaranjiya na karanta takardunki biyu a zama ɗaya. Wallahi ba fushi na yi ba. Da na ce miki jikina sai a hankali, ba zazzaɓi nake nufi ba, ke ma dai! Na sauka, an sami mace, sunanta Lubna. Haihuwar ta zo da wuya, sai da aka kai ni asibiti a Birnin Kebbi, na daɗe ban san inda kaina yake ba. Surukata ta tattara duk takardun da aka kawo ta ajiye, ta ce mai jego ba ta karatu. Yanzu da sauƙi, amma ko tsakar gida da kyar nake ƙetarewa.

Maganar kwalli kuwa, na yi shiru ne don ke kika ce kada a gaya wa kowa, kuma na ce ki karanta wa Baba takardar. So kike ya ji? Ba shashanci ba ne. Yarinya ta ga farar shadda ta yi fata, ina laifi? Wanda ya kamata ya ji kunya shi ne mai shiga gidan matan aure ba sallama. Batun layin kuma kin yi gaskiya. A kotu na saba a fara da abin da ke kan mutum. Na manta da wa nake magana.

Yanzu saurara. Ɗaukar inji da awaki ƙwace ne, sa maroƙi kuma cin mutunci ne, duk ana ƙara a kansu. Amma inji na Baba ne, in ya ƙi ba mai yi masa dole. Garka da awaki kuwa na Inna ne. Ita tana da ikon kai ƙara a kan kayanta, ba sai ta fita ba, Kawu Ayuba zai tsaya mata wakili. Mai gidana ya je Sarandosa ya gan shi, ya ce a shirye yake, amma ba zai shiga tsakanin mata da miji ba sai ya ga yardarta. Ki rubuto cewa ta yarda, ta dangwala yatsa a ƙasa. Ni zan tsara ƙarar, shi ya kai Jega, a roƙi alƙali ya hana miƙa garkar har sai an saurari magana.

A yi wannan kafin dashe. In Alhaji ya riga ya zuba irinsa a ciki, fitar da shi sai a yi shekaru ana kai da kawowa.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Za a kira sunan Baba a kotu, kuma za a tambaye shi don me ya yi niyyar jinginar da abin da ba nasa ba. Tambayar da ya yi miki, wa zai ba shi falle baɗi, ba ni da amsarta. Mai yiwuwa dillalai su juya masa baya. Mai yiwuwa injin ya riga ya shiga wani hannu. Bashin ma yana nan, sai dai a rage shi zuwa gaskiyarsa. Abin da nake ganin za a iya cetowa shi ne ƙasar. Ita kaɗai. Ku auna, ke da Inna.

Yayarki,
Murjanatu.

Aliero,
12 ga Oktoba, 1993.

Yaya Murjanatu,

Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah ya raya Lubna, ya ba ki lafiyar shayarwa. Inna ta ce a gaya miki ki riƙa shan kunun kanwa da zafinsa. Ni kuma ki yafe mini zargin da na yi miki. Mu nan ba wanda ke kwance, ba kuma wanda zan ce yana lafiya.

Baba ya yanke. Juma'ar nan mai zuwa, bayan an sauko, zai tara shaidu a bakin garka ya miƙa wa Alhaji ita jingina. Wai in ya biya a mayar masa. Da me zai biya, alhali abin da zai noma ya biya ɗin ne zai bayar? Har an fara kawo buhunan takin Alhaji ana jibgewa a gindin mangwaron da ke kan iyaka. Maƙwabta duk sun yi fagen yayyafa iri, irinsu ya tsiro kore shar. Tamu ce kaɗai ciyawa ta rufe.

Wannan karon ban karanta masa ba, da baki na gaya masa. Na ce garkar ta Inna ce, shari'a ba ta ba shi ikon bayarwa ba. Na zaci zai mare ni, har na fi son ya mare ni. Sai ya kau da kai. Yaya, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce, "Na sani. Kina tsammanin ban sani ba? Ni dai so nike in taka zaurena in iske ba kowa. In tai masallacin unguwarmu in tsaya sahun gaba kamar da." Da zai tashi ya ce, "Duk gidan ga ke ɗai ke rubutun boko. Ran da anka kira sunana kotu, na san wanda ya kira shi."

Bai ƙara ba. Ba zagi, ba baki. Amma tunda aka haife ni bai taɓa yi mini magana bai dube ni ba sai ranar.

Na karanta wa Inna taki har ƙarshe, har wurin da kika ce ba ki da amsa. Tana tsintar wake, ba ta ɗago ba. Na ce, "Inna, me zan ce wa Yaya?" Ta ce, "Ni ban aike ki ba." Na ce to in ce kin ƙi? Ta ce, "Na ce miki na ƙi?" Na zauna na rubuta a wata takarda daban cewa ita Aliya ta wakilta wanta Ayuba a kan garkarta da awakinta, na karanta mata, na ajiye a kan tabarma, na tafi ɗebo ruwa. Da na dawo ta koma kan wakenta. Kurtun tawadar Baba na rubutun allo yana gefe a buɗe, babban yatsanta baƙi ƙirin, a ƙasan takardar kuma ga shi nan ta dangwala har ya huda. Ta ce, "Ni ban ce komi ba. In ya tambaye ni, ban ce komi ba. Amma ki sani, ƙasar ga ubana ya mutu shina ban-ruwa cikinta da guga."

Kin ga ta bar mini ke nan. Ita ba ta fita, ba ta rubutu. In takardar ta isa, ni na kai ta. In ba ta isa ba, ni na riƙe.

Tun shekaranjiya take cikin zanena. Na ɗauko ta zan jefa a murhu, na fasa. Na yi ta lissafi ban ga inda za mu fita da daɗi ba. In na riƙe, Juma'a mutanen nan za su tashi, Baba ya sami barci, baɗi kuma ya tafi ƙwadago a garkar matarsa. In na bayar, wataƙila ƙasa ta tsaya, amma ba inji, ba taki, ba mai saye, kuma a tsayar da shi gaban mutane a tambaye shi abin da ya fi maroƙin nan zafi. Ta kowace hanya sai ya sunkuyar da kai. Bambancin kawai, a ɗaya zai san ni ce.

Ina son Babana, Yaya. Shi ya kai ni makaranta a kan kekensa ranar da 'yan'uwansa ke cewa asarar kuɗi ce. Abin da ya biya aka koya mini, da shi zan kai shi kotu.

Amma na tuna yatsan Inna. Ta wanke shi da toka, ta goge da dutse, har yanzu bakin farcen baƙi ne, kuma tana ɓoye shi a cikin zane in Baba ya shigo. Ba ta taɓa neman komi don kanta ba a gidan nan. Wannan ma ba ta iya nema da baki ba.

Ga Kande ta shigo, suna ciniki da Inna. Gobe kasuwa, in ta wuce yau sai bayan Juma'a. Ta ɗauki kwandonta tana tambaya, "Ke amarya, yau ma ba saƙo?" Na ce ta ɗan jira in naɗe.

Zan ba ta. Da ta iso ki tura wa Kawu Ayuba, kada ki jira in sake tunani. Ba na roƙon ki ce za mu yi nasara. Ki dai roƙa mini Allah, ranar da sammaci ya zo, in na durƙusa gaida Baba da safe, ya amsa.

Taki,
Iklima.